Gwiwoyin Sabuwa

"Danna mana, Zaliha! Yau ba ki sha hura ba?"

Zaliha ta danna. Hannuwanta biyu na kan gwiwar dama ta Sabuwa, wadda ta sha man shanu har tana ƙyalli, an kuma sa tsumma ƙarƙashin dunduniya don kada tabarma ta goge fata. Ta ɗora nauyinta kaɗan-kaɗan. Gwiwar ta sauka kamar faɗin yatsa guda, sai wani abu ya yi ƙaras a ciki, kamar an taka tsakuwa a kan fa, daga nan ta tsaya cak. Sabuwa ta cije bakin zanenta. Gumi ya keto mata a goshi, hawaye na bin gefen ido suna shiga kunne, amma da Zaliha ta ɗaga hannu sai tsohuwar ta kai mata duka a damtse.

"Wa yac ce ki bari?"

"Uwar Altine, ki ji tsoron Allah. Kashe ki kika so in yi?"

"In kin kashe ni a miƙe, ai kin gama mini komi."

Zaliha ta share hannu a zane ta zauna daɓas. Ita ce mai wankan gawar mata a garin. Ta wanke mata ba adadi ba ta taɓa ja da baya ba, yau ga shi gwiwar mai rai ta gagare ta. Haushi ya kama ta, na kanta da na tsohuwar gaba ɗaya.

Danga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Tudun Gawo, wani ɗan ƙauye da ke maƙale a gindin dutse tsakanin Keita da Buza. Lokacin da aka kawo Zaliha amarya, shekara talatin da 'yan kai ke nan, Sabuwa ce ta fara leƙo kai ta saman dangar ta ce mata tuwonta ya yi gudaji, ta kuma zagayo ta karɓi muciya ta nuna mata yadda ake tuƙi. Doguwar mace ce a lokacin, miƙaƙƙiya, in ta ɗauko itace daga kan dutse tun daga nesa ake gane ta. Ga baki kamar reza. Mijinta ya rasu tun shekarar babbar yunwa. Haihuwa takwas ta yi, Altine kaɗai ta tsaya mata, ita ma tana aure a Babankatami, sai da ciwo ya kwantar da uwar ta dawo jinya.

Ciwon kuwa bai zo da hayaniya ba. Da fari ƙara ce kawai: in ta durƙusa gaban dutsen niƙa gwiwoyin su yi ƙurus-ƙurus, ta yi dariya ta ce su ma niƙan suke taya ta. Daga baya tashi daga sujada ya zama aiki, sai ta dafa bango. Yatsun hannu suka yi ƙulu-ƙulu a gaɓoɓi kamar gujiya. Aka yi ƙaho, aka yi tsaga, aka yi lalas har fatar gwiwa ta koma kamar bayan tsohuwar ƙwarya, aka sha rubutu, aka sha saiwoyi. Gwiwoyin dai kullum ƙara lanƙwashewa suke, ƙugu ya bi bayansu, har ta wayi gari ko a kwance ba ta iya miƙe su. Bara da kaka mijin Altine ya ɗora ta a bayan kamyo, babbar motar kaya, aka kai ta Tawa, aka ɗauko hoton ƙashi. Majo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin shan magani na Keita, ya ɗaga baƙin hoton a taga ya nuna wa Altine da bakin alƙalami. Ƙashi ne ya yi toho a bakin gaɓa, in ji shi, na sama ya tsiro, na ƙasa ya tsiro, kamar ƙayar aduwa, har sun sarƙe da juna. Tsufa ne da wahalar aiki, kuma babu mai kankare shi a nan kusa. Ya ba da fararen ƙwayoyi na rage zafi, ya ce a yi haƙuri.

Majo ya faɗi tasa, mutanen gari kuma suna da tasu. Sabuwa 'yar gidan Azna ce, masu addinin gargajiya. Ubanta shi ke yanka baƙin bunsuru a gindin dutse kafin shuka, ita kuwa sai da ta yi aure ta fara salla. Shekara arba'in tana kai goshi ƙasa, azumi bai taɓa wuce ta ba, amma ɗan Adam ya fi saurin manta nasa asalin da na maƙwabci. A bakin rijiya Husaina, wadda ke zuba wa Zaliha ruwa wajen wankan gawa, ta faɗa da irin ƙaramar muryar nan da ake so kowa ya ji: "Ku diba dai yadda taka naɗewa. Gidan ubanta ka kiran ta. Su ai haka aka bizne su, a naɗe." Maganar ba ta kwana ba ta shiga kunnen Sabuwa, tun daga ranar kuma ta tasa Zaliha gaba da wannan danne-dannen na kowace safiya.

"Matso nan," in ji Sabuwa da numfashinta ya dawo. "Yarinyag ga ta tahi rijiya?" Ba ta taɓa kiran sunan Altine ba, 'yar fari ce.

"Ta tahi."

"Ina da shekara tara innata ta rasu. Da idona nig gani, ba labari anka ba ni ba. Anka naɗe ta, gwiwa ga ƙirji, anka ɗaure da igiya, anka sa ta cikin hwatar bijimi. Ramin awa bakin rijiya. Ni ina laɓe bayan rumbu ina kallo." Ta juyo ta dube ta. "Zaliha, shekara arba'in ina salla. A miƙe nika so a kai ni, awa kowa. Kar a ratsa garin ga da ni a naɗe, su Husaina su ce ai mun hwaɗi."

"Wa ka ta Husaina? Bakinta ya hi ƙahwatta sauri."

"Ni ka ta tata. Ke za ki wanke ni. Yi mini alkawali ki miƙe ni."

Nan Zaliha ta ji hankalinta ya ɗan kwanta, domin an shigo fagenta. Gaban mai rai ba ta da dabara, amma gawa ta san ta ciki da waje. Ta sha iske mata sun dunƙule, wata da hannu a ƙirji, wata da ƙafa a harɗe, ta bi su da ruwan ɗumi da lallashi har su kwanta sumul.

"In don wanga na, kwantar da hankalinki," in ji ta. "Shekara ashirin da biyat ina aikin ga, gawa ba ta taɓa yi mini gardama ba. Jijiya ka riƙe mutum. In rai ya hita, jijiya ta saki. In dai na iske ki da ɗumi, sai yadda niy yi da ke."

"Majo ya ce ƙashi na."

"Majo ya taɓa wanke gawa? Hoto dai hoto na."

"In kuma ta ƙiya?"

"Ba ta ƙiyawa."

"In ta ƙiya, ki karya."

"Subhanallahi! Uwar Altine!"

"Ki karya, nic ce. Ni dai ba ji nika yi ba sannan. Ce kin yi alkawali."

Yatsun nan masu ƙulu-ƙulu sun damƙe wuyan hannun Zaliha, ashe har yanzu akwai sauran ƙarfin mai ɗaukar itace a cikinsu. Zaliha ta ce ta yi alkawari. Da sauƙin zuciya ta faɗa, wallahi, don ta tabbata ba za a kai ga karyawa ba.

To, da Sabuwa mai haƙuri ce da an tsaya nan. Ina! Kwana biyu tsakani ta ce ita ba za ta zauna tana jiran mutuwa ta yi mata aikin da za ta iya farawa da kanta ba. A ɗauko ɗan dutsen niƙa, a naɗe shi a tsumma, a ɗaura mata a kan gwiwa daga hantsi zuwa azahar, nauyinsa ya dinga saukar da ita a hankali. Zaliha ta ce ba da hannunta ba. Altine ta ce ba da hannunta ba. Sabuwa ta juya fuska bango ta ƙi cin abinci yini guda cur. Washegari Zaliha da kanta ta naɗe dutsen, da kanta ta ɗaura.

Kwana uku aka yi. Tsohuwar na kwance rigingine, dutse a gwiwa, tasbaha a hannu, ko nishi ba ta yi, sai dai haƙoranta da ake jin suna ƙara. A rana ta huɗu gwiwar ta kumbura kamar kabewa, ta ɗauki zafi har hannu ba ya iya daɗewa a kai, masassara ta rufe ta. Da kumburin ya sauka bayan sati biyu, ƙafar ta fi da naɗewa. Daga nan Sabuwa ba ta sake zama da kanta ba. Altine ta ɗauke dutsen ta kai shi bayan ɗaki ta kife masa tsohuwar tukunya, Zaliha kuwa duk sanda ta wuce wurin sai ta ji kunya ta kama ta kamar ta nutse.

Zaliha ce ta tura Tanko, ƙanin mijinta, wanda shi ne kan gaba wajen haƙar kabari a garin, ya tambayo liman, Malam Lurwanu. Tanko ya dawo ya tsaya bakin danga ya sauke saƙo da ƙarfi yadda ta ciki za ta ji. Malam ya ce Allah ba gwiwa yake duba ba. Wanda ya cika da kalmar shahada Musulmi ne ko a dunƙule yake, a kwantar da shi a gefen dama ya fuskanci gabas, shi ke nan. Ya kuma ce karya ƙashin mamaci kamar karya na mai rai ne, kada wanda ya kuskura.

"Kin ji ko?" in ji Zaliha da ta koma ɗaki, zuciyarta fes.

"Na jiya. Allah ya saka wa Malam. Allah ba shi diba, mutanen Tudun Gawo na diba." Ta lumshe ido. "Kuma ni ba da Malam niy yi alkawali ba."

A shekarar rumbuna fayau suke. Matan gari duk suna kan dutse wajen aikin proje na masu agaji, suna jidar duwatsu a ka ana jera su layi-layi don tare ruwan sama, ana ba su hatsi da mai. Abin da ke riƙe gidaje ke nan, har da na Zaliha. Amma da ta ga idanun Sabuwa sun fara zurmawa, ƙugu ya yi gyambo saboda kwanciya gefe ɗaya, kunu ma sai ludayi biyu ta kau da kai, sai ta ajiye gammo. Daga kan dutse zuwa gida tafiya ce mai ɗan dama. In abin ya zo tana can, kafin a aika, kafin ta sauko, gawa ta huce. Ɗumin nan shi ne duk dabararta, ba za ta yi wasa da shi ba.

Maigidanta ya yi gunaguni ya gaji. Tanko kuwa, da yake akwai wasa tsakaninsu, in ya wuce sai ya leƙo: "Matar Yaya, kin zama angulu ke nan? Kin bar hatsi bisa dutse kina gadin mai rai?"

"Wuce, ɗan nema! Ranar taka ma ni ka sa a yi maka ruwan sanyi."

Ita kanta Sabuwa ba ta ƙyale ta ba. "Kin zamna kin tsura mini ido awa mai jiran tukunya ta tahwasa," in ji ta, tana dariyar da ta ƙare da tari. Amma kowace safiya, da ta buɗe ido ta yi taimama da wani ɗan dutse da ke gefen matashinta, ta yi salla da ido da leɓe, tambayarta ɗaya ce: "Ruwan zahi na bisa wuta?" Zaliha ta ce yana nan. Kuma yana nan ɗin. Tukunya guda take ɗorawa tun safe, in ya ƙone ta ƙara, a garin da itace sai an hau dutse. Da itacen ya ƙare ta koma kara da kashin shanu. Kwana goma sha tara tukunyar nan na kan murhu.

Ranar wata Alhamis ce cikin bazara, da hantsi, zafi ya riga ya fara dukan rufin ɗaki. Altine na tsakar gida tana surfe. Zaliha na zaune tana kore ƙudaje da mafici, sai ta ji numfashin ya canza, irin canjin da ta sani. Ta ajiye mafici, ta ɗiga mata ruwa a leɓe, ta sunkuya kusa da kunne tana maimaita kalma. Leɓen Sabuwa ya motsa ya bi ta, sau ɗaya, sau biyu. Idon ya buɗe ya sauka can ƙasa wajen ƙafafu, ya dawo kan fuskar Zaliha ya tsaya.

"Na sani," in ji Zaliha. "Na sani, Uwar Altine."

Ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, bai sake ɗagawa ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta shafe idanun, ta yage gefen kallabinta ta ɗaure haɓa, ta ɗaga murya: "Altine! Aje taɓarya, kawo ruwan ga! Kuka ya jira, ɗiyata, kuka ya jira. Ki ce a kira Husaina, a gaya ma maza."

Ta fara da hannuwa. Gwiwar hannun dama ta yi ɗan tauri, ta murza ta, ta ja a hankali, sai ta bi. Ta hagu ma ta bi. Yatsun dai sun ƙi, amma yatsu wa zai gani cikin likkafani? Zaliha ta ji wani sanyi a ranta. Ga shi nan, yadda ta faɗa, jijiya ta saki.

Husaina ta shigo tana salati, ta durƙusa ta karɓi ƙwarya. Suka jiƙa tsummoki da ruwan zafi suka naɗe gwiwoyin, suka jira, suka sake jiƙawa. Zaliha ta shafa man shanu, ta kama dunduniya da hannu ɗaya, ɗayan a kan ƙoƙon gwiwa, tana magana ƙasa-ƙasa yadda take yi wa kowace gawa: "Saki jikinki, baiwar Allah, saki, an gama wahala." Naman ya saki kam. Cinya ta yi laushi, ƙwauri ya yi laushi, babu sauran wata jijiya da ke ja. Gwiwar ta sauka faɗin yatsa guda, ta yi ƙaras, ta tsaya daidai inda take tsayawa kullum.

Zaliha ta koma ta hagu. Haka. Ta gwada ƙugu, ta sa Husaina ta danne kafaɗa ita ta ja cinya. Haka. A ƙarƙashin tafin hannunta, ta cikin fatar da ta saki, yanzu tana jin su sarai, 'yan tsinin ƙashi a gefen gaɓa, wannan ya shige bayan wannan. Abin da majo ya nuna a taga ke nan. Shekara ashirin da biyar tana aikin nan ba ta taɓa jin tsoro a ɗakin gawa ba sai yau.

"A ƙaro ruwa," in ji ta.

"Zaliha, ruwa ba shi narka ƙashi," in ji Husaina.

"A ƙaro, nic ce!"

Daga waje aka ji gyaran murya, sai muryar Tanko, babu wasa a cikinta: "Salamu alaikum. Matar Yaya, Allah ya jiƙan ta. Muna jiran kara. Rana na yi, kin san ƙasag ga duk dutse ta."

Karan awo yake nufi, wanda ake gwada tsawon mamaci da shi a kai wa masu haƙa. Guda ɗaya ake bayarwa, domin faɗin 'yar ciki, ƙaramin ramin da ke cikin kabari, sananne ne, kowa da kowa ɗaya, daidai kwanciyar mutum a gefensa.

"Ku dakata kaɗan!"

Ta sake dannawa har gumi na ɗiga daga haɓarta kan zanen da aka rufa wa gawar. Jikin ya fara hucewa, tana ji. Altine, wadda ke tsugune a bakin ƙofa da tukunya a hannu, ta ajiye ta a hankali.

"Inna," in ji ta, "na ji abin da tac ce maki rannan. Ban kai rijiya ba, ina bayan ɗaki. Ta ce in ta ƙiya..." Ta kasa ƙarasawa. "Ni ɗiyatta ta. Na yarda. Ki yi."

Zaliha ta san yadda ake yi. Tsohuwar da ta koya mata aikin ta taɓa kwatanta mata sau ɗaya, tana tofar da yawu, ta ce Allah ya sa kada ki buƙata. Ta ce a mirgino ƙaramin turmi. Aka kwantar da shi, ta ɗora dunduniyar dama a kai, ta ninka tsumma huɗu ta rufe gwiwar don ya danne ƙara. Ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗora tafin hannu ɗaya bisa ɗaya, ta miƙe damatsanta. Saura ta saki nauyinta gaba ɗaya, sau ɗaya tak. Alkawari kaya ne, kuma ita ta ɗauka da bakinta.

Altine ta toshe kunnuwa ta juya baya.

Zaliha ta ja numfashi. Kuskuren da ta yi shi ne ta dubi fuskar. Ga ta nan da ɗaurin kallabi a haɓa, goshi ya warware, duk tamojin nan na cije ciwo sun kwanta. Shekara nawa rabon da ta ga fuskar nan babu ciwo a cikinta? Ta ce wa hannunta sauka, hannun ya ƙi. Ta sake cewa. Ba maganar Malam Lurwanu ce ta riƙe ta ba, a lokacin ko tunawa da shi ba ta yi ba. Ita dai ta kasa. Ta ɗaura wa matar nan dutse tana da rai, ta ga abin da ya biyo baya, yanzu kuma da ta samu ta huta, a ce ita ce za ta sake taɓa ƙafar nan da mugunta? Tana nan tsaye a sunkuye, ba ta danna ba, ba ta kuma ɗaga ba.

Husaina ce ta miƙe ta kama wuyan hannunta. Husaina mai baki, yau muryarta ko fita ba ta yi sosai.

"Bari, Zaliha. Ta sha wuya, ta isa haka nan." Hawaye na zuba a fuskarta. "Ni nij jawo wanga da bakina. Bari."

Zaliha ta durƙushe. Ta zare turmin, ta sauke ƙafar a hankali, ta haɗa gwiwoyin biyu, ta juya ta gefen dama ta ja zane ta rufe. A haka Sabuwa ta yi kama da mai barci cikin sanyi. Zaliha ta kifa goshinta a kan kafaɗar da ta fara sanyi.

"Uwar Altine, na yi maki ƙarya," in ji ta. "Na ce ba ta ƙiyawa, ta ƙiya. Na ce ina karyawa, na kasa. Ki yahe mini. Don Allah ki yahe mini."

Sai a lokacin Altine ta fashe da kuka, matan da suka taru a tsakar gida suka ɗauka.

"Matar Yaya," in ji Tanko daga bayan danga, a hankali. "Mutane na can da dagi."

Zaliha ta tashi ta share fuska. Ta fita ta ratsa matan ba ta dubi kowa ba, ta je gindin rumbu inda aka jingine kara, ta zaɓi miƙaƙƙe guda. Ta tsaya jim, sa'an nan ta ƙara ɗaukar wani. A ɗaki ta gwada na farko daga ka zuwa tafin ƙafa ta karya. Matar da ake ganewa tun daga kan dutse, karanta bai kai na yarinya 'yar shekara goma ba. Ta gwada na biyu daga baya zuwa ƙoƙon gwiwa, shi ma ta karya.

Ta miƙa su ta saman danga. Tanko ya karɓa, ya dubi na hannun dama, ya dubi na hagu.

"Biyu?"

"Wanga tsawo na," in ji ta. "Wanga hwaɗi."

Ya daɗe yana kallon su, sa'an nan ya juya ya ce wa wani da ke tsaye ya biya gidansa ya ƙaro dagi. Zaliha ta tsaya riƙe da dangar tana kallonsa ya kama hanyar maƙabarta, wadda ta ratsa ta bakin rijiya da ƙofar masallaci inda maza suka fara taruwa. Kafin ya kai wurinsu ta ga ya ɗan tsaya, ya ɗaga gefen rigarsa ya tura gajeren karan, na awon faɗi, ciki, ya matse shi da damtse, ya wuce da guda ɗaya a hannu.